Riƙe Numfashi a Ruwa: Abin da Ke Faruwa a Jikin Gwanin Ninkaya

Wanda ya riƙe numfashi yakan ɗauka ƙarancin iskar oksijin ne ke ƙuntata masa ƙirji. A gaskiya iskar kabon dayoksaid ce, wadda jiki ke son fitarwa, take taruwa a jini. Wasu ma'aunai da ke jijiyoyin wuya da gindin ƙwaƙwalwa su ke jin hawanta, sai su tilasta wa mutum ya shaƙa. Zillon da tantanin da ya raba ƙirji da ciki yake yi, shi ma aikinta ne. Oksijin kuwa yana iya yin ƙasa sosai kafin mutum ya farga.

A shekarun 1970 James Counsilman, mai horar da 'yan ninkaya a Jami'ar Indiyana da ke Amurka, ya yaɗa wani salon horo: maimakon ɗan wasa ya ɗago ya shaƙi iska bayan ya kai hannu sau 2 ko 3, sai ya jira sai na 5 ko na 7. Lokacin hankalin masu horarwa yana kan tsaunuka, domin gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko aka yi ta, fiye da mita 2,200 sama da teku. An yi zaton rage numfashi zai ba jiki irin ribar zaman tudu. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa muddin huhu a cike yake, oksijin ɗin jini ba ya raguwa da yawa, kabon ne ke hauhawa. Ashe abin da ɗan wasan ya fi koya shi ne jure ƙunci ba tare da salon iyonsa ya watse ba. Wannan ma riba ce, musamman a mitocin ƙarshe na tsere.

Jiki yana da nasa tanadin. Da fuska ta taɓa ruwan sanyi, bugun zuciya kan ragu, jijiyoyin hannu da ƙafa su tsuke don jini ya koma ga ƙwaƙwalwa da zuciya, saifa kuma ta matse ta ƙaro jajayen ƙwayoyin jini. Wani bincike na 2018 ya gano cewa saifar mutanen Bajau na Indunisiya, masu neman abinci ta nutso, ta fi ta maƙwabtansu girma da kusan rabi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, gwani ya fi ɗan koyo kusa da haɗari. Ɗan koyo zai ɗago da zarar ƙirji ya matsa masa. Gwani ya saba da daurewa. Idan kuma ya ƙara da sauke numfashi da sauri-sauri kafin ya nutse, kamar yadda yara ke yi a kududdufi idan ana gasar wa zai fi daɗewa, to ya wanke kabon daga jininsa alhali oksijin bai ƙaru da wani abin kirki ba. Gargaɗin zai makara, suma ta riga shi zuwa.

Irin wannan suma ba ta zuwa da ihu ko fafutika, mutum dai sai ya saki jiki ya yi ƙasa. A gasar wasannin ruwa ta duniya ta 2022 a Budafes, Anita Alvarez, 'yar wasan rawar ruwa ta Amurka, ta suma bayan kammala wasanta, ta nutse har ƙasan tafkin. Mai horar da ita, Andrea Fuentes, ita ce ta faɗa ruwan da tufafinta ta ciro ta. Shi ya sa masu horarwa na ƙwarai ke hana sauke numfashi da sauri-sauri kafin nutso, ba sa kuma barin kowa ya yi atisayen riƙe numfashi sai da wani tsaye a bakin ruwa, idonsa a kansa.