Ladabin Zaure da Dokar Ofis: Shugaban Sashe Tsakanin Malamansa da Amanarsa

Karatun addini a birnin Kano ya girmi jami'a da ƙarnuka. Zaurukan Madabo da makamantansu sun daɗe suna yaye malamai kafin a kafa Makarantar Shari'a a cikin birni a shekarar 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wadda aka ɗauko mata malamai daga Sudan, ta kuma koma Makarantar Koyon Larabci a 1947. A cikin wannan makaranta aka fara kwalejin da aka buɗe a 1960, aka sa mata sunan Abdullahi Bayero a 1962, ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Saboda haka sashen nazarin addinin Musulunci ko na Larabci a Kano gadon gida biyu ya ci: ladabin zaure, inda girma ke bin shekaru da sanadin karatu, da kuma tsarin ofis, inda iko ke bin kujera da rubutacciyar ƙa'ida.

Inda gadon biyu suka fi karo shi ne kujerar shugaban sashe. A jami'o'in Nijeriya shugabancin sashe na wa'adi ne, galibi shekara biyu, sannan ya koma hannun wani. Sau da yawa wanda ya hau kujerar almajiri ne na wasu daga cikin waɗanda zai shugabanta: wannan ya koyar da shi nahawu, wancan ya duba masa kundin digiri na uku. Da safe zai rusuna ya gaishe da malaminsa, ya ce "Allah gafarta Malam", da hantsi kuma shi ne zai tambaye shi dalilin da ya sa sakamakon jarrabawar ɗalibai bai iso ofis ba. Idan kunya ta hana shi tambaya, sakamakon ba zai je taron sashe ba, balle na tsangaya, balle majalisar jami'a da ke tabbatar da shi. Ɗalibin da ya gama karatu sai ya rasa tafiya hidimar ƙasa tare da 'yan ajinsa, ba don laifin da ya yi ba. Kunya reshe ce ta imani, amma wadda ke tozarta haƙƙin wani malaman tarbiyya rauni suka kira ta.

A nan ne amfanin rubutacciyar ƙa'ida ke bayyana, kuma mutanen sashe da yawa ba su lura cewa ita ke kare ladabin da suke tsoron ta rushe ba. Idan taron sashe ya zauna ya yanke ranar miƙa sakamako, aka rubuta a bayanin taro, aka raba wa kowa takarda iri ɗaya, to almajiri bai umarci malaminsa ba; shawarar jama'a ce ta hau kan kowa, har da wanda ya sa hannu. Shugaban da ke yanke hukunci shi kaɗai a bayan ƙofa, ya raba darussa yadda ya ga dama, shi ne yake mayar da kowace tunatarwa ta zama raini.

Wannan ba sabon darasi ba ne a Kano. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa Tajuddin, inda ya yi bayanin tsara aikin mulki da naɗa marubuta da masu lissafi da amintattu, ya kuma yi ta nanata haɗarin shugaba ya ɓuya daga waɗanda yake shugabanta. Bayan kimanin shekara ɗari uku, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkam a wannan birni bisa roƙon mutanensa, ya ba shawara muhimmin matsayi cikin wajiban shugaba. Sashen jami'a ƙaramar hukuma ce ƙwarai idan aka gwada ta da masarauta, amma shugaban da ba a samun sa a ofis sai an bi shi gida ya faɗa cikin abin da al-Maghili ya yi gargaɗi a kai.

Batun kyauta ya fi wannan wuya, domin hukuncinta na sauyawa da sauyin wuri. A zaure, almajirin da ya kai wa malaminsa turare ko hatsi ko ɗinkin Sallah neman albarka yake yi, malamin kuma ba albashi yake karɓa ba, ba kuma maki yake bayarwa ba. A sashe, mai duba kundi ma'aikaci ne da ake biya, a hannunsa kuma sa hannun da zai kai ɗalibi gaban masu jarrabawa yake. Hadisin Ibnul Lutbiyya da Bukhari da Muslim suka rawaito ya dace da wannan hali: Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu da sunan kyauta ce aka yi masa, sai Annabi ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa muƙamin ne ya jawo kyautar. Ɗalibi na iya kawowa da zuciya ɗaya, malami ya karɓa da zuciya ɗaya, amma abokin karatunsa da ba shi da abin kaiwa zai zauna da zargi, kuma zargin ba zai rasa madogara ba. Mafi aminci shi ne a jinkirta ihsani har sai an gama jarrabawa an rabu da alaƙar maki.

Akwai kuma waɗanda ladabin zaure bai ba su matsayi ba, wato sakatare da akawu da masinja da mai shara. Girman da ake ba malami a Kano kan sa a manta cewa Suratul Hujurat, da ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi da mummunan zato da giba, ba ta keɓe masu digiri ba. Malamin da ke aiken masinjan sashe kasuwar Kurmi ko ɗauko 'ya'yansa daga makaranta a lokacin aiki ya ci daga lokacin da hukuma ta saya don wani abu daban, ya kuma ɗora wa mutum abin da ba zai iya cewa a'a ba. Haka malama ko ɗaliba da ta shigo ofis: barin ƙofa a buɗe da tsayawa kan abin da ya kawo ta kariya ce ga ɓangarorin biyu.

Idan laifi ya auku, tsarin jami'a ya tanadi matakai: magana a keɓe, sannan takardar neman ba'asi da ke ba mutum damar kare kansa a rubuce, sannan kwamitin ladabtarwa idan abin ya kai. Shugaban da ya ga cewa wanda ake tuhuma malaminsa ne ko surukinsa, ko kuma akwai tsohuwar husuma a tsakaninsu, yana da damar ya bayyana haka ga shugaban tsangaya, ya nemi a ba wani ya jagoranci binciken.