Shin Ko Kun San? Fankar da ke Cikin Inbata da Kwamfuta

Shin ko kun san fankar da ke cikin akwatin inbata ko kwamfuta ba ta haifar da sanyi? Aikinta kawai ta kori iska mai zafi, ta jawo ta waje. Idan ɗaki ya kai digiri 40, kamar yadda ake gani a Sakkwato da Maiduguri cikin Afrilu, cikin akwatin ba zai sauka ƙasa da haka ba komai gudunta. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an kulle inbata a kabad babu mashigar iska.

Abin da zafi ke saurin cinyewa a cikin akwatin shi ne wani ɗan sashe da ake ce wa kafasita. A lissafin masu ƙera ta, duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwananta.

To wa ke gaya wa fanka ta tashi? Wani ɗan abu ne da bai kai ƙwayar wake ba, ana ce masa tamista. Da ya ɗumama sai ya ƙara sakar wa wuta hanya, na'ura ta gane zafi ya hau. Michael Faraday ne ya fara lura da wannan hali a Ingila a 1833, a jikin wani haɗin azurfa da farar wuta. Kuma da gangan ake barin tazara: fankar da ta tashi a digiri 50 ba ta tsayawa sai zafi ya sauko sosai, don kada ta wuni tana tashi tana mutuwa.

Ku ƙirga wayoyin fankar kwamfuta. Biyu na wuta ne. Ta uku tana aika saƙo sau biyu a kowane zagaye, ta haka na'ura ke sanin fanka na juyawa ko ta cije. Ta huɗu ita ce linzami. A ƙa'idar kamfanin Intel, tana kunnawa da kashewa sau 25,000 a daƙiƙa ɗaya, gudun fanka kuma ya danganta da tsawon kunnawar. An zaɓi wannan adadi ne saboda kunnen mutum ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta haura sau 20,000 a daƙiƙa. Abin da ya fi burge ni: in waya ta huɗun nan ta katse, fanka ba ta tsayawa, sai ta koma iya ƙarfinta. Wanda ya tsara haka ya yi tunani, gara ƙara da ƙonewa.

Shin ko kun san in an rage gudun fanka da rabi, iska ta ragu da rabi, amma a lissafi ƙarfin da take buƙata ya koma kashi ɗaya cikin takwas?

Sai ƙurar hunturu. Fankar da ke tura iska ciki ta bayan ragar tacewa ta fi hana ƙura shiga ta ɓarakar akwati, muddin ana cire ragar ana kakkaɓewa. In inbatarku ta fara ƙugi ba tsayawa alhali ba a ƙara mata kaya ba, ku kashe ta, ku fara duba ragar.