Takardar Jari a Ƙasan Adaka: Yadda Ake Neman Suna a Rumbun Hukuma

Ban da farashin gero da dawa da riɗi, yau akwai wata haja da muke so mu yi magana a kanta, wadda ba a kasa ta a rumfa, ba a auna ta da tiya. Ita ce takardar shaidar hannun jari, wadda ke kwance cikin adakar tsofaffi tare da takardun gona da rasiɗin haraji. Magada da yawa in sun ci karo da ita ranar rabon gado sai su ture ta gefe, su ce takardar Turawa ce. Alhali tana iya zama dukiya, kuma akwai haƙƙin marayu a ciki.

Ga yadda takardun nan suka shigo gidajenmu. A 1972 gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanonin baƙi su sayar wa 'yan ƙasa wani kashi na jarinsu, aka ƙara faɗaɗa ta a 1977. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati, Dokta Hamza Zayyad ya shugabance shi, aka yi ta kiran mutanen Arewa su saya. Sa'an nan daga 2004, da Babban Banki ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25, bankuna suka bazama kasuwanni da fom. Fatake da malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma duk sun saya.

To, ina ribar ta maƙale? A da ta gidan waya ake aiko ta, takarda ce kamar cek, in ta wuce wata shida ta mutu sai an sabunta. Mai jarin kuwa adireshin wani ya ara, ko akwatin gidan waya na ofis ko na makaranta, kuma a rubuce Birnin Kudu, Jihar Kano, tun kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Mai akwatin ya tashi, mai jarin ya rasu, riba ta yi ta komawa inda ta fito. A 2023 Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari ta Ƙasa, watau SEC, ta ce ribar da ba a karɓa ba ta kai naira biliyan 190.

Tun 2015 hukumar, tare da Babban Banki, ta fito da tsarin zuba riba kai tsaye cikin asusun mai jari. Ta kuma tara sunayen waɗanda ba su ba da lambar asusu ba a rumbun kwamfuta, kowa na iya dubawa ta intanet da wayar hannu, ba a biyan ko kwabo. Sai ka rubuta suna, ya fito maka da kamfanin da aka sayi jari da kuma rijistaran da ke riƙe da littafin masu jarinsa. Yawan kuɗin kuwa, a wurin rijistara ake jinsa.

A nan ne mutanenmu ke yin tuntuɓe. Kwamfuta ba ta san mutum ba, harafi ta sani. Alhajin da ya sayi jarin da ajami yake rubuta sunansa, akawun banki ne ya juya masa zuwa boko yadda kunnensa ya ji. Muhammadu ya koma Mohammed ko Mamman, Abubakar ya zama Garba ko Habu, Usman ya zama Shehu. Wani an sa masa sunan gari a madadin na uba, an rubuta Gwaram, ko B/Kudu a gajarce. Wani an fara da sunan uba, nasa ya biyo baya. Wasu kuma da gangan suka jujjuya sunayensu don su sami kaso fiye da ɗaya. Saboda haka kada ka duba sau ɗaya ka ce babu. Ka ɗora takardar a gabanka, ka kwafi sunan harafi da harafi, kana ka gwada sauran sigogin duka, har da na matan gida da 'ya'ya, don da yawa an saya da sunansu ba su sani ba.

Haka kuma sunan kamfani yakan canza. Lever Brothers shi ne Unilever yanzu. Simintin Binuwai ya shige cikin Dangote Cement a 2010, na Sakkwato ya shige cikin BUA Cement, bankin Diamond ya haɗe da Access a 2019. Irin waɗannan jarin bai ɓace ba, an musanya shi da na sabon kamfani, wani ma ya hayayyafa da kyautar hannun jari da ake rabawa. Amma akwai wanda ya tafi: Afribank da Bank PHB da Spring an karɓe lasinsu a 2011, Skye a 2018. Gara mutum ya san wannan kafin ya kashe kuɗin mota.

In mai jarin na da rai, aikin da sauƙi. Ya cika fom ɗin rijistara ko ya je bankinsa, ya ba da lambar asusu da BVN da hoto da katin shaida. In sunan takarda ya saɓa da na banki, sai a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu. In kuma so yake ya sayar, tilas dillali mai rijista ya kai takardar a tantance, a shigar da ita rumbun CSCS, wanda ya fara aiki a 1997, don yanzu ba a cinikin takarda hannu da hannu.

In ya rasu, rijistara zai nemi takardar shaidar mutuwa, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotu, da asusun banki da sunan magada. Kuɗin in sun fito, alƙali ko malami ya raba bisa shari'a kamar sauran tarika. In jarin na kamfanin da ake shakkar sana'arsa ne, a tambayi malamai hukuncinsa.

Jinkiri ma yana da hasara. Tsohuwar doka ta ce ribar da ta shekara 12 ba a nema ba, haƙƙin nemanta ya faɗi. Dokar kuɗi ta 2020 ta ce wadda ta shekara 6 a mai da ita wani asusun amana na Gwamnatin Tarayya, mai ita ya karɓa duk ranar da ya zo. Wannan sauƙi ne, amma ya ƙara tsawon hanya.

Abu na ƙarshe, ku da kuke dillalai kun san ba a sakar wa baƙo akala. Kada a miƙa wa kowa ainihin takardar sai an yi mata hoto, an kuma karɓi rasiɗi. Duk wanda ya zo kasuwa yana cewa a sayar masa da tsohuwar takarda a kan 'yan kuɗi, a tambaye shi rijistarsa. Hukumar SEC na da ofis a Kano, can ake tabbatar da dillali, can kuma ake kai ƙara. Wanda ya karanta ya gaya wa maƙwabcin rumfarsa.

Allah ya ba mu ciniki mai albarka.