Na'ura Na Karanta Hoton Ƙirji, Amma Hoton Na Wane Ne?

Cikin ƙasa da minti ɗaya, manhajar CAD4TB ta kamfanin Delft Imaging na ƙasar Holan za ta duba hoton ƙirjin mutum ta ba shi maki tsakanin 0 da 100. Yawan maki na nufin akwai alamun tarin fuka, sai a tura mutum gwajin kaki da na'urar GeneXpert. Ƙungiyar KNCV ta yi amfani da ita a motocinta na gwaji a Kano, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa tantance masu shekara 15 zuwa sama da irin wannan manhaja.

Ga mutumin Kucheri, wanda kafin ya samu ƙwararren mai karanta hoto sai ya biya kuɗin mota zuwa Gusau, a hanyar da kowa ya san halin tsaronta, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai ƙirƙirarriyar basira ba ta san ciwo ba. An nuna mata ɗimbin hotunan wasu mutane ne har ta gane kamannin huhun da ya lalace. Makin da za a ce daga nan ne a tura mutum gwaji, mutane ke yanke shi. In aka ɗaga shi, za a rage kashe kuɗin gwaji, amma wasu masu cutar za su koma gida da ita. In hakan ta faru, laifin wa ke nan? Kamfanin, ko wanda ya zaɓi makin, ko ma'aikacin da ya yarda da allon kwamfuta? A Amurka ma, binciken da mujallar Science ta buga a 2019 ya gano wata manhajar asibitoci da ke auna rashin lafiya da kuɗin da aka kashe wa mutum, sai ta riƙa ɗaukar baƙar fata a matsayin masu sauƙin ciwo, don kawai an fi kashe wa Turawa kuɗi.

Batun neman izini kuwa Arewa ta san zafinsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 a Kano, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a sanar da su gwaji ba ne, kamfanin ya musanta, daga baya aka sasanta a 2009. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, har da Zamfara, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma mutum na da ikon tambayar me aka ajiye a kansa, wa aka bai wa. Amma takardar amincewa da Turanci, wadda dattijuwa ta dangwala wa yatsa tana tari, da wuya a kira ta izini.

Akwai kuma ƙofar da matasa ke buɗewa da kansu: ɗaukar hoton sakamakon gwajin Inna a tura wa ChatGPT ko Meta AI don ya fassara, ga suna, ga shekaru, ga lambar kati. A ChatGPT, in ba a kashe zaɓin ba a saituna, kamfanin na iya horar da manhajarsa da hirar. Inna kuwa ba wanda ya tambaye ta.