Krom Hendricks: gwanin kurket da launin fata ya hana shi zuwa Ingila

A watan Maris na 1892, tawagar kurket ta Ingila ƙarƙashin Walter Read ta kara da 'yan wasa 18 na al'ummar Malay a filin Newlands da ke Cape Town, a Afirka ta Kudu. Baƙin ne suka yi nasara, amma sunan da ya zauna a bakinsu shi ne Krom Hendricks.

A kurket, ɗan wasa ɗaya ne ke jefa ƙwallo, wani kuma ya tare ta da sanda don ya tara maki. Aikin mai jifa shi ne ya fitar da mai sandar daga wasa. Hendricks yana jifa da tsananin sauri, kuma a wannan karawa ya fitar da Turawa 4, aka ci masa maki 50 kacal.

Don haka da aka tashi haɗa tawagar farko da Afirka ta Kudu za ta tura Ingila a 1894, sunansa na cikin waɗanda aka gabatar. Sai dai William Milton, wanda ke jagorantar zaɓen, na hannun daman Cecil Rhodes ne, Firaministan yankin Cape a lokacin, shi kuwa Rhodes ba ya son a ga wanda ba farar fata ba yana wakiltar ƙasar. Har shawara aka kawo cewa ya bi tawagar a matsayin mai kula da kaya. Hendricks ya ƙi, kuma ya kyauta.

Abin mamaki, shi kansa ya ce ba Malay ba ne: mahaifinsa jinin Holan ne, mahaifiyarsa kuma 'yar tsibirin St Helena. Wannan bayani bai buɗe masa ƙofa ba. A 1897 hukumar kurket ta Western Province ta hana shi buga wa kulob ɗin Woodstock a babbar gasarta, ko da yake an yarda ya riƙa jefa wa fararen 'yan wasa ƙwallo a wajen atisaye.

Bai taɓa buga wasan ajin farko ko ɗaya ba, shi ya sa kundin alƙaluman kurket ya kusa manta da shi. Ya rasu a 1940. Sai a 2020 Jonty Winch da Richard Parry suka tattara tarihinsa a littafinsu mai suna Too Black to Wear Whites.