Maɓuɓɓugar Ruwa ta Trevi a Birnin Rum

Baƙon da ya je Rum takan kai shi ga maɓuɓɓugar Trevi, amma ba kasafai yakan tambayi asalin ruwanta ba. Tun shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa, Agrippa ya gina magudanar da ke kawo ruwan, mai tsawon kilomita kusan 20. A 1732 Fafaroma Clement na 12 ya ɗora wa Nicola Salvi aikin gina maɓuɓɓugar a jikin fadar Poli. Salvi ya rasu a 1751, sai a 1762 aka kammala ta. Abin lura shi ne, ruwan shan jama'a ya riga wannan ado da shekaru fiye da 1,700. Mai son ƙawata birni, to, ya fara shayar da mutanensa.