Idan Kwamfuta Ta Ƙi Karanta Faifai

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iskar hunturu ke busowa da ƙurar hamada, manyan motocin hanyar Kano zuwa Katsina kuma suna ƙara tayar da tasu a tsakiyar Kankia, a lokacin ne masu shagunan buga takardu da malaman makarantu, daga nan har Kusada, kan gamu da wata illa guda: a sa faifai a kwamfutar tebur, a ji ya ɗauki ƙugi yana juyawa, sa'an nan ya yi tsit, allo bai nuna kome ba. Galibin mutane sukan yanke hukunci nan take cewa na'urar karanta faifan ta mutu, alhali kuwa hukunci ba da shaida ba zalunci ne, ko da a kan ƙarfe aka yi shi.

Wajibi ne a fara tuhumar faifan kansa. A jarraba wani da aka tabbatar da lafiyarsa. In ya karantu, to na'ura ta kuɓuta. Faifan da ya yi dauɗa a goge shi da tsumma mai laushi, daga ramin tsakiya zuwa baki, kada a bi da'ira, domin ƙarzanewar da ta bi layin rubutu ita ce ke ɓatar da karatu. Abin da jama'a da yawa suka jahilta shi ne, a faifan CD rubutun yana kwance ne dab da fuskar da ake rubuta suna, saboda haka mai dannawa da biro a kai ya fi mai ƙarzar ƙasansa ɓarna. Wanda aka bari a rana har ya lanƙwashe kuwa, sai haƙuri.

In faifai ba shi da aibi, sai a koma ga ido. A ƙarƙashin tiren da ake ɗora faifai a kai akwai wani ɗan gilashi da bai wuce ƙwayar dawa ba, wanda haske ke fita ta cikinsa ya bugi faifai ya komo, kuma ƙura kaɗan ta isa ta makantar da shi. Hasken nan iri biyu ne: na CD, wanda kamfanonin Philips da Sony suka fitar a 1982, tsawon zangonsa nanomita 780 ne, na DVD kuwa 650. Wannan shi ne sababin da za a ga na'ura tana karanta faifan karatun Alƙur'ani na CD, amma ta ƙi fim ɗin biki na DVD. Ɗaya fitilar ce ta tsufa, kuma babu gugar da ke maido ta. Idan dukansu ta ƙi, la'alla ƙura ce. A kashe kwamfuta, a zare wayarta daga bango, a buɗe na'urar, a shafi idon a hankali da auduga mai ɗan danshin sifirit. Fetur, kananzir da yawu duk haramun ne a nan, haka nan leƙa idon yayin da wuta ke ciki, domin hasken CD ba ya ganuwa, amma yana cutar da gani.

Akwai kuma halin da kwamfuta ba ta ma san da na'urar ba. Nan sai a duba wayoyi biyun da ke bayan na'urar, ta wuta da ta saƙo, waɗanda jijjigar hanya kan sassauta, musamman a kwamfutocin da aka ɗauko a mota daga Kano. Tiren da ya ƙi fita kuwa, sau da yawa 'yar robar da ke jansa ce ta saki. Kada a ɓanɓare shi da wuƙa, akwai ɗan rami a fuskar na'urar, a zura siririyar waya, zai turo kansa.

In duk wannan bai yi amfani ba, gyara ya fi saye tsada. A nemi na'urar waje mai shiga ta kafar USB, tun da sababbin kwamfutoci ma da yawa ba sa zuwa da ta ciki. Ranar da faifai ya karantu, a kwafe abin da ke cikinsa, tafsirin azumi ne ko takardun makaranta, zuwa cikin kwamfuta da filashi. CD guda megabait 700 ne kawai, DVD gigabait 4.7, filashi mai gigabait 32 zai ɗauke faifan CD arba'in da 'yan kai.